Mai Tambayar Dalili: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Da wuya a sami gundumar da ba ta da irin mutumin nan. Hakimi ya ba da umurni a zaure, dagatai da masu unguwa sun dunƙule hannu sun ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, mun bi," sai shi kaɗai ya buɗe baki ya ce, "To, don me? Ai bara ba haka aka ce ba." Nan da nan fadawa su yi masa ca. Wani ya ce ba shi da tarbiyya, wani ya ce turo shi aka yi, malamin hakimi kuwa ya rubuta a littafi cewa wane ya yi rashin ladabi a majalisa. Daga ran nan sunansa ya ɓaci, duk ƙarar da ya kawo kuma ana sauraronta da kunne ɗaya.

Ba a kan kowane mai gardama ake magana ba. Akwai mai gardama don neman suna, akwai mai jin haushin an hana gidansu sarauta, akwai wanda aka zuga. Waɗannan hakimai sun san su, ba su bukatar darasi a kansu. Wanda ake nufi a nan shi ne mutumin da aka halicci ƙwaƙwalwarsa da ƙira dabam da ta galibin jama'a, wanda tambayarsa tambaya ce kurum, babu wata manufa a ƙarƙashinta.

Ƙirar gama-gari da ƙirar daban

Masana sun raba mutane gida biyu a wannan fanni. Akwai masu ƙirar gama-gari, watau mafi yawan mutane, akwai kuma masu ƙirar daban. Cikin kashi na biyu, wanda ya fi shafar wannan darasi shi ne abin da likitoci ke kira otizim. Masu watsa labarai sukan ce galahanga, amma kalmar nan a bakin jama'a ta haɗa lalurori iri-iri, har takan sa a zaci duk mai otizim ba ya iya magana ko kula da kansa. Ba haka ba ne. Waɗansu lalle suna bukatar mai kula da su muddin rai, waɗansu kuwa malamai ne, ko 'yan kasuwa, ko ma'aikatan ofis, da matansu da 'ya'yansu, ba wanda ya taɓa gaya musu sunan abin da ke tare da su.

Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana halayen irin yaran nan a 1925. A 1943 Leo Kanner a Amurka ya rubuta bayanin yara 11, a 1944 kuma Hans Asperger na ƙasar Ostiriya ya fitar da nasa. Alamun da aka fi sani su ne ɗaukar magana a kan zahirinta, da wuyar gane habaici da zaurance da abin da fuska ke faɗa, da son al'amura su tafi bisa tsari ɗaya, da zurfafa cikin abu guda har a san shi ciki da waje, da kuma takura daga hayaniya. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 shi ne kimanin yaro 1 cikin 100. Gado ne ya fi yawa cikin sababinsa. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba, ko da yake an taɓa yaɗa wannan zance a Ingila a 1998, aka bincika aka tarar ba shi da tushe, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. A wajen 1998 ɗin ne kuma wata masaniyar zaman jama'a 'yar Ostireliya, Judy Singer, da waɗansu masu otizim suka yaɗa ra'ayin cewa a dubi abin a matsayin bambancin halitta, kada a tsaya ga kiransa cuta kawai.

Yadda galibin mutane suke

Kafin a gane mai ƙirar daban, sai an san halin sauran jama'a, gama su ne ma'aunin da ake auna shi da su.

A 1951 wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya shirya wani gwaji mai sauƙi. Akan zaunar da mutum cikin 'yan mutane bakwai ko takwas, a nuna musu zanen layi ɗaya, sa'an nan a nuna waɗansu uku, a ce kowa ya faɗi wanda ya yi daidai da na farin a tsawo. Amsar a fili take, ko yaro ya gan ta. Amma sauran duk an haɗa baki da su, sukan faɗi amsar da ba daidai ba ɗaya bayan ɗaya. Da aka lissafa, sai aka ga wajen kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun bi ƙaryar taro, kuma mutum uku cikin huɗu sun bi ta aƙalla sau ɗaya. In mutum yana shi kaɗai kuwa, kuskurensa bai kai 1 cikin 100 ba. Idonsu lafiya lau. Abin da ya yi musu nauyi shi ne su zama su kaɗai ne suka saɓa.

Almajirin Asch, Stanley Milgram, ya kai abin gaba a Jami'ar Yale daga 1961. Ya sa mutum a gaban wani akwati mai maɓallai 30, aka ce masa duk sa'ad da ɗalibin da ke ɗaki na kusa ya yi kuskure, ya sakar masa wutar lantarki, yana ƙarawa daga bolt 15 har 450. Babu wuta a zahiri, ɗalibin ma ɗan wasa ne, amma mai danna maɓallin bai sani ba, yana jin ihu ta bango. In ya yi jinkiri, sai wani mai rigar ma'aikatan bincike ya ce masa ya ci gaba. Cikin mutum 40, 26 sun kai maɓalli na ƙarshe. Da yawansu sun yi gumi, sun yi rawar jiki, sun yi gunaguni, amma hannunsu bai tsaya ba. Abin lura ga mai mulki shi ne abin da ya faru da aka sauya yanayi. Da mai umurnin ya fita yana magana ta tarho, masu bi har ƙarshe suka koma wajen 1 cikin 5, waɗansu ma suka riƙa danna ƙaramin maɓalli suna cewa babba suka danna. Da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi a gabansa, sai 4 kaɗai cikin 40 suka ƙarasa. Umurnin ɗaya ne a ko'ina. Abin da ya sauya shi ne wa ke tsaye a kai, wa kuma ke kallo.

Kada a ɗauka mai ƙirar gama-gari ba ya ja da na gaba. Yana ja, har ma ya fi kowa iyawa, sai dai yakan lulluɓe jan nasa. Hakimai sun san "to" iri-iri: akwai ta yarda, akwai ta a rabu lafiya, akwai wadda ma'anarta ita ce ba za a yi ba har abada. Talaka yakan faɗi ya yi gaisuwa, ya koma gida ya yi zamansa. In abin ya dame shi, ya bi ta wajen liman, ko wani bafade, ko uwargidan mai gari, ko ya jira ran da ya ga fuskar hakimi a sake. Ya riƙe cewa bin na gaba bin Allah ne, ya kuma riƙe cewa faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, yana aiki da duka biyun ba tare da ya ga saɓani ba. Wannan ba munafunci ba ne. Kara ce da kawaici, da su zaman gari ke tafiya. Amma farashinsu shi ne shugaba yakan zama na ƙarshen jin cewa umurninsa ya karkace.

Yadda mai otizim yake

A 2014 masana a birnin Sheffield na Ingila suka maimaita gwajin Asch da yara 30, rabi masu otizim, rabi marasa shi. Akan gaya wa yaro abin da wai yawancin mutane suka zaɓa, wani lokaci gaskiya, wani lokaci ƙarya. Masu otizim sun fi tsayawa a kan abin da idonsu ya gani. A 2011 kuma, a Kalifoniya, Keise Izuma da abokan aikinsa suka ba mutane damar yin sadaka ga Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wani lokaci a gaban mai kallo, wani lokaci su kaɗai. Masu ƙirar gama-gari sun ƙara kyauta in ana kallonsu. Masu otizim abin da suka bayar a ɓoye shi suka bayar a sarari. Ba don ba su lura da mai kallon ba, gama a wani aiki dabam da aka ba su, zamansa ya sa sun ƙara ƙwazo kamar kowa. Sai dai neman suna a idonsa bai shiga lissafinsu ba.

Akwai wani gwajin da ya fi kusa da al'amarin fada. A 2012 Coralie Chevallier da abokan aikinta a Landan suka sa yara matasa su ba waɗansu zane-zane maki. Bayan haka aka sake nuna musu zane ɗaya, mai gwajin ta ce ai ita ta zana shi. Yara masu ƙirar gama-gari suka ƙara masa maki nan take. Masu otizim suka bar shi inda yake. A 2023 kuma wani bincike a Toronto ta Kanada ya nuna ma'aikata masu otizim sun fi cewa za su yi magana in sun ga ɓarna a wurin aiki, yawan mutanen da suka gani suka yi shiru kuwa bai cika sauya ra'ayinsu ba.

Daga nan ake gane bambancin. Mai ƙirar gama-gari, in ya ji umurni, yakan fara auna mai maganar, da matsayinsa, da waɗanda ke zaune, da abin da zai biyo baya, duk cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya san ya yi ba. Mai otizim maganar kanta yake aunawa: ta yi daidai da ta jiya? Ta yi daidai da dokar da aka karanta? An ɗora wa kowa ita, ko an tsallake ɗan wane? Rawani da dogarai ba su ƙara wa magana nauyi a ma'auninsa kamar yadda suke yi wa sauran. Saboda haka in ya ce "don me", amsa yake nema. In aka ba shi dalilin da ya zauna, sau da yawa shi ne zai fi kowa riƙe dokar, har ran da dagaci ya manta da ita shi yana nan a kanta. Abin da ke tayar masa da hankali ba doka ba ce, doka mai fuska biyu ce.

Duniya ta ga misalin wannan a watan Agusta na 2018, lokacin da can a ƙasar Suwidin wata yarinya mai shekara 15, Greta Thunberg, ta ƙi zuwa makaranta ta zauna a ƙofar majalisar ƙasarsu. Ita da kanta ta bayyana cewa tana da otizim. Hujjarta gajera ce: shugabanni sun sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015 a kan sauyin yanayi, sun ce al'amarin na gaggawa ne, amma ayyukansu ba su nuna haka ba. Miliyoyin manya sun ga wannan giɓi sun saba da shi. Ita ta kasa sabawa. Ko mutum ya yarda da ra'ayinta ko bai yarda ba, siffar tambayar ita ce abin dubawa.

Wajibi ne a yi hattara da gwaje-gwajen nan. Yawancinsu da mutane kaɗan aka yi su, a Turai da Amurka, wani bincike kuma da aka yi da manya a Landan a 2019 ya tarar masu otizim sun bi ra'ayin taro daidai da sauran a gwajin tuna kalmomi. Milgram ma bai tantance ƙirar mutanensa ba. Abin da aka gano rinjaye ne, ba hukunci ba ne a kan kowane mutum. Al'ada ma tana sauya yadda abin ke bayyana. A Turai rashin haɗa ido da mai magana yana cikin alamun da ake fara lura da su, a ƙasar Hausa kuwa sunkuyar da kai gaban babba shi ne ladabi, don haka wannan alama takan ɓace. Abin da ke fallasa mutumin a nan shi ne gajarta gaisuwa, da tsallake fadawa, da faɗin magana tsirara.

Akwai wani kashi na masu ƙirar daban, masu lalurar rashin natsuwa da saurin aikatawa, wadda likitoci ke taƙaitawa da haruffan ADHD. Nasu jan dabam ne. Maganar takan kuɓuce musu kafin su auna wurin, su katse babba, su yi zafi, an jima su yi nadama. Umurni mai tsawo kuma yakan zube musu a hanya, a zaci ƙi suka yi.

Haɗarin da ba a cika gani ba

Da za a tsaya nan, da sai a ce mai otizim jarumi ne da ba ya tanƙwaruwa. Gaskiyar ta fi haka nauyi. Gisli Gudjonsson, masanin da ya shahara a Landan wajen binciken dalilin da ke sa mutane amsa laifin da ba su yi ba, ya yi wani nazari da abokan aikinsa a 2008. Sun tarar manya masu otizim ba su fi sauran saurin yarda da ƙaryar da aka cusa musu cikin tambaya ba, amma sun fi nuna halin miƙa wuya ga abin da aka nema gare su don gudun rikici. Watau mutumin da ya tsaya a majalisa ya ce lissafin taki bai cika ba, shi ne kuma wanda in aka tsare shi a ɗaki, mutum biyar suna masa tsawa, zai iya cewa "na yi" don kawai hayaniyar ta ƙare. Zuciyarsa ba ta yarda ba, bakinsa ya amsa. Wani kuma harshensa yakan ɗaure gaba ɗaya, a ce taurin kai ne, ko a ce shirun nan amsa laifi ne.

Wannan ya shafi hakimai kai tsaye, domin ƙararrakin sata da na ɓarnar gona da na aure a gabansu suke fara sauka kafin su kai ga 'yan sanda ko alƙali, abin da malami ya rubuta a ranar farko kuwa yakan bi mutum har kotu.

Abin da ya kamata a yi

Ba aikin hakimi ba ne ya ce wane yana da otizim, wannan na likita ne. Aikinsa ya bambance tambaya da tawaye. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba da dalili a ga abin da zai biyo. Mai neman fitina, in aka amsa masa, sai ya sauya tambaya. Mai neman dalili yakan yi shiru ya tafi ya aikata, ko ya nuna daidai inda dalilin ya yi rauni. Faɗin dalili ba ya rage kwarjinin sarauta. Sauran da suka ce "mun ji, mun bi" ma da yawansu tambayar tana cikinsu, shi ne dai ya furta.

Sa'an nan a yi masa magana a fili. In hakimi ya ce, "Da ma a ce an share hanyar nan kafin baƙi su zo," kowane dagaci ya san umurni ne. Mai otizim yana iya ɗauka buri ne aka faɗa, ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya tafi gonarsa. A ce masa ya share daga kaza zuwa kaza, ran Laraba, kafin azahar. In doka ta sauya, a gaya masa ta sauya, da abin da ya sa. In kuwa shi ya yi kuskuren wuri, a kira shi gefe a bayyana masa dalla-dalla cewa irin wannan magana bayan an tashi ake kawo ta, ga kuma wanda ake bi. Harara da gyaran murya ba su isar masa da saƙo, amma ƙa'idar da aka faɗa masa da kalmomi yakan riƙe ta da kyau. Fadawa su ma a kwaɓe su, gama tsawarsu ba ta koya masa kome.

Ba kullum yake da gaskiya ba. Sulhu yakan bukaci kowa ya bar wani abu, a rufe wata magana don zumunci. A rikicin manomi da makiyayi, alal misali, dattawa suna iya shirya a matsar da iyakar burtali taku goma don a zauna lafiya, shi kuwa ya kafe cewa iyaka tana gindin tsamiya tun zamanin kakansa. Ya faɗi daidai, amma hukuncin na hakimi ne. Abin da ya cancanta shi ne a amsa masa cewa lalle iyakar a nan take, an matsar da ita da sani, bisa yardar ɓangarorin biyu, an kuma rubuta. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne a ce masa tsamiyar ba ta taɓa zama iyaka ba. Irin wannan mutum, in an san inda za a ajiye shi, yana da amfani a rajistar filaye da rabon taki da ƙidayar gidajen rigakafi, wuraren da kara ke ɓata lissafi.

Malamin hakimi kuwa ya rubuta abin da aka faɗa, kada ya rubuta fassararsa. "Ya tambayi dalilin sauya ranar kasuwa" shaida ce. "Ya yi rashin kunya" ra'ayi ne. In ana tuhumar wanda aka san yana da irin halayen nan, a yi tambayar a wuri marar hayaniya, mutum ɗaya ke tambaya, da wani ɗan'uwansa da ya amince da shi a zaune. A ce masa ya faɗi abin da ya faru ran nan tun daga safe, kada a ce, "Kai ka ɗauka, ko ba haka ba?" A ba shi lokaci, gama jinkirin amsa a wurinsa ba alamar ƙirƙira ba ne. Malami ya rubuta tambayar tare da amsar, ya karanta masa kafin a sa hannu ko a dangwala.

Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairu na 2019, ta hana a wulaƙanta mutum saboda lalurarsa. Iyayen da suka kawo kukan yaro mai irin waɗannan alamu, musamman wanda ake duka a makaranta don yawan tambaya ko don ƙin amsawa, a shawarce su su kai shi babban asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, suna da likitocin wannan fanni.